Mayar da tsofaffin batura kanti

Labarin nan na ajiye akwatunan karɓar matattun batura a kantunan da ake sayar da su ya faranta mini rai, domin zuba su cikin shara haɗari ne babba. Batirin litiyom yana iya kamawa da wuta idan motar shara ta matse shi, wasu kuma na ɗauke da kadmiyom mai gurɓata ƙasa da ruwa. Kafin a kai su, ya kamata a manna salatif a bakunansu don kada su haɗu su yi tartsatsi. Ƙananan nan masu kama da maɓallin riga sun fi tayar mini da hankali, saboda idan yaro ya haɗiye ɗaya, yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa 2.