Milibar ɗaya tak

Mai gidan da nake haya a Bradford ta ƙasar Ingila ya turo mai aikin gas ya sa mana sabuwar tukunyar dumama ruwa. Da mutumin ya duba bututun jan ƙarfen da ke jikin bango sai ya ce ba zai haɗa ba, mai milimita 15 ne, sai an sa mai 22.

Ya durƙusa ƙarƙashin bene inda mitar gas take, ya ja tef har kicin, yana ƙirga kowace gwiwa da bututun ya yi. Kowace ɗaya yana lissafa ta kamar ƙarin rabin mita, domin a lanƙwasa gas ke rasa ƙarfi. Ya ce gas yana fita daga mita da matsin kusan milibar 21, kuma ƙa'idarsu ba ta yarda ya ragu da fiye da milibar 1 kafin ya isa murhu ko tukunya ba. Idan bututu ya yi siriri, aka kunna murhu ana dumama ruwa, wuta ba za ta ci yadda ya kamata ba, har tana iya fitar da iskar guba marar wari. A wuyansa akwai katin Gas Safe, rajistar da tun 2009 ba a taɓa gas ɗin gida sai da ita. Wallahi abin ya burge ni.

Na san za a ce mu a gida Najeriya tukunyar gas muke cikowa, tiyo ne gajere, babu dogon lissafi. Haka ne. Kuma masu gyaranmu ba hannu suka rasa ba, yaron da ke walda a Sabon Gari zai iya abin da ya fi wannan. Amma wa ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa lissafin? Kumfar omo ta gano yoyon gas kaɗai muka sani.

Tun 2020 aka ƙaddamar da shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, kilomita 614. Idan wata rana ya kai ga gidaje, su wa za su ja shi cikin ɗakuna?

Abin da ma ya fi damuna Hajiyarmu ce. Tiyon murhunta ya tsattsage, an naɗe shi da ledar burodi, na aika kuɗin sabo an yi cefane da su. Ina nan ina biyan haya a gidan da ake auna milibar ɗaya domina, ita kuwa sai dai in riƙa kira ina tambayar ƙanwata ko an sauya.