Katun ɗin ƙarfe huɗu na yamma

Madalla da wani rahoto da na karanta kan katun ɗin da muka taso muna kallo a talabijin. Amma inda marubucin ya ce yaran yau sun fi mu morewa tunda suna da tashoshi barkatai da waya a hannu, a nan kam ban yarda ba.

A shekarun 1980, NTA ba ta buɗe tasha sai wajen ƙarfe huɗu na yamma, a fara da taken ƙasa, sannan shirin yara ya biyo baya. Lokacin kuwa ya yi karo da makarantar Islamiyya, shi ya sa ana tashi za ka ga yara sun zuba da gudu zuwa gidan da ke da talabijin. A layinmu gida ɗaya ne, baƙi da fari ce mai ƙofar katako, kuma Hajiya, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa korar ɗan kowa ba. Tabarma kawai take shimfiɗa mana.

Voltron ne sarki. Zakuna biyar na ƙarfe su haɗe su zama ƙato guda, ya zaro takobi, ɗaki ya kaure da ihu. Asalinsa na Japan ne, Amurkawa suka sake masa fasali a 1984. Turancin bai dame mu ba, wani babban yaro ke fassara mana. Tom and Jerry kuwa ko tafinta ba ya buƙata, har kakanni sukan leƙo su yi dariya.

In aka ɗauke wuta ana tsakiyar faɗa, shi ke nan, babu maimaici. Washegari a makaranta za ka nemi wanda unguwarsu ke da wuta ya ƙarasa maka labarin.