Waƙar Kala da Waƙar Harara

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, musamman 'yan'uwana na Zumuntar Mata a Zuru, Dabai, Ribah da kewaye.

Ranar Lahadin da ta wuce a majami'a muna tsakiyar rawar baiko, tulu na ƙugi, tafi ya kaure, sai aka ɗauko wata waƙar amshi, irin waɗannan masu cewa mai baƙin ciki da ni zai ga ɗaukakata da idonsa. Sunan Yesu ya fito a cikinta har sau uku. Na ɗaga kai, sai na ga mai ba da waƙar ba sama take kallo ba, bencin baya take harara, inda matar ƙanin mijinta ke zaune. Duk layinmu mun san rigimar gonar da ke tsakaninsu. Muka amsa, muka taka, muka zuba baikonmu, ita kuwa baiwar Allah ta sunkuyar da kai tana ta gyara goyon da bai kwance ba. Ni ma na amsa, kada ku ce na ware kaina.

Da na koma gida abin ya tsaya mini a rai, sai na tuna kakata. Ba ta iya karanta ko baƙi ɗaya ba, kuma sai da ta tsufa tukuf aka yi mata baftisma. Tana da wata waƙa da takan yi in ta durƙusa gaban dutsen niƙa, rabi da C'lela, yaren Dakarkari, rabi da Hausa. Labarin marainiya ce da ta shiga gona yin kala bayan an yanke dawa, 'ya'yan mai gona suka kore ta. Amshin yana ce wa mai gonar ya bar zangarniyar da ta faɗi, tunda ba shi ya zubo ruwan da ya raya ta ba. A lokacin mun ɗauka kawai abin rage gajiyar niƙa ne, muna jira ta gama mu lashi gari.

Sai da na girma na buɗe Littafin Firistoci 19:9-10, na tarar Allah yana umartar Isra'ilawa kada su girbe gona har bakin iyaka, kada kuma su koma yin kala, su bar wa matalauci da baƙo. Na zo Rut sura 2, ga Bo'aza a gonar sha'ir ta Baitalami yana gaya wa masu girbinsa su riƙa zare wani abu daga dammuna da gangan, su yar domin Rut ta tsinta, kada wanda ya tsawata mata. Tsigar jikina ta tashi. Waƙar kakata babu sunan Yesu ko sau ɗaya, amma abin da take koyarwa ya fi kusa da zuciyarsa nesa ba kusa ba bisa wadda muka yi rawa da ita ranar Lahadi.

To amma a yi hattara. Ina ganin wasu matasanmu a Facebook, duk tsohuwar waƙar da suka ji sai sun tono bishara a ƙarƙashinta. In an ambaci makiyayi, su ce Yesu ne. In an ambaci rijiya, su ce ruwan rai ne. Haba, 'ya'yana! Wani lokaci rijiyar rijiya ce kawai, wadda budurwa ke fakewa da zuwa ɗiban ruwa don ta haɗu da saurayinta. Kada mu sa wa kakanni magana a baki. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa sai a 1932 ya fito, waƙoƙin niƙa da na gayya kuwa wa ya san farkonsu? Wasu ma na tsafi ne ƙiri-ƙiri, ba wankin da zai yi musu. Abin da na gaskata shi ne abin da Romawa 2:15 ta faɗa, cewa akwai shari'ar da Allah ya rubuta a zukatan waɗanda ba su taɓa ganin littafi ba. Bulus da ya tsaya a Atina ya ɗauko maganar mawaƙan Helenawa cewa mu zuriyar Allah ne (Ayyukan Manzanni 17:28), ya yi wa'azi da ita, amma bai kwaso gumakansu ya haɗa ba. Ya sheƙe, ya riƙe tsaba, ya bar wa iska ƙaiƙayi.

Wannan shiƙar ce ba ma yi wa namu waƙoƙin na cikin majami'a. Iyayenmu a kan dutsen niƙa suke sauke haushin kishiya da na uwar miji, su yi habaicinsu su share hawaye. Injin niƙa ya zo ya kashe dutse, habaici ya rasa masauki, sai muka buɗe masa ƙofar sujada, muka yafa masa sunan Yesu kamar mayafi. Yakubu 3:9-10 ya yi mamakin bakin da ke yabon Ubangiji, shi ne kuma ke zagin mutumin da aka halitta cikin kamannin Allah. Bulus ya ce zai yi waƙa da ruhu, ya kuma yi da hankali (1 Korintiyawa 14:15). Mu dai in kiɗa ya yi daɗi, hankalin a ƙofa muke barinsa tare da takalman yara.

Na san wata za ta ce ai Dauda ma ya yi kuka a kan maƙiyansa. Gaskiya ne. Kuma 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu a yankin Danko da Wasagu, in sun rera irin wannan kuka ba ni da bakin hana su, sai dai in taya su. Amma matar ƙanin mijinki ba 'yar bindiga ba ce. Kofi ɗaya kuke sha ranar Jibin Ubangiji. A kan baiko ɗin nan da muke rawa dominsa Yesu ya ce, in ka kawo shi ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana game da kai, ka ajiye shi gaban bagadi, ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24).

Ranar Litinin na je gidan waccan baiwar Allah. Na same ta tana sussukar dawa, yaron na barci a kan tabarma. Na ce mata ta yafe mini, da bakina cikin masu amshi. Ta tsayar da taɓarya, ta share zufa da gefen zane, ta ce, "Yaya, ai na saba."