Matasa, ku dubi abin da muke lodawa a tirela

'Yan uwana matasa, musamman na Taraba da Adamawa, ku ba ni aron hankalinku.

A duk faɗin duniya wurare 36 ne masana suka ware a matsayin matattarar halittun da ke bakin halaka. Kafin a sa wuri a wannan sahu, sai yana da tsirrai aƙalla iri 1,500 da ba sa fitowa a ko'ina sai nan, kuma ya riga ya rasa kashi 70 cikin ɗari na asalin dajinsa. Kurmin da ya taso daga Gini da Saliyo ya ratsa Najeriya har zuwa kogin Sanaga a Kamaru yana ciki, kuma tsaunukan Mambila da Gashaka gefensa ne. Wato dukiyar da duniya ke fargabar rasawa tana bayan gidanmu.

A gandun dajin Gashaka Gumti akwai biri mai ganga, wanda ke dukan saiwar manyan bishiyoyi da hannu da ƙafa har a jiyo amon daga nesa. Irin wanda ke wannan daji babu shi sai a Najeriya da Kamaru, kuma duka-duka ba su kai dubu tara ba. Macen takan yi shekara biyar kafin ta sake haihuwa. Duk jaririn birin da ka gani an ɗaure da igiya a bakin hanya ana neman mai saye, to ka sani sai da aka harbe uwarsa, domin ba ta sakin ɗanta tana numfashi. Idan ka biya kuɗi wai don tausayi, kai ka saya wa maharbin harsashin gobe.

Sai maganar madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid. Wannan ta fi ci mini rai, domin da hannunmu ake yi. Mu ne masu riƙe injin, mu ne masu turo gungume daga kan dutse, mu ne masu lodi. A sare bishiya, jan ruwanta na tsiyaya, a fafe ta kusurwa huɗu, a jera a tirela sai Legas, daga can sai Chana, inda ake ƙera kujerun alfarma da ita. Kuɗin lodin ya ƙare kafin sati ya zagayo, bishiyar kuwa ta yi shekaru da dama kafin ta kai haka. Makiyayin da ke sassabo ganyenta wa shanu da rani ya rasa, gangaren da aka tsiraita kuma ruwan sama ya kwashe ƙasarsa ya zuba a kogin Taraba.

Na san babu aikin yi, kuma yunwa ba ta jin wa'azi. Amma Allah Ya gaya mana a Suratul An'am cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamarmu. Su amana ne a hannunmu, kuma za a tambaye mu.

Gyara kuma yana yiwuwa. A 1996 raƙuman dawan da suka rage a yankin Kure na Nijar 49 ne kacal. Mutanen ƙauyukan suka daina farautarsu, samari suka zama masu yi wa baƙi jagora, daga baya adadin ya haura 600.

Don haka kada ka sayi ɗan biri, kada ka ci naman dajin da ba ka san asalinsa ba. In dillali ya zo neman wanda zai nuna masa inda manyan madobiya suka rage, ka ce ba da kai ba, ka kuma sanar da mai unguwa ko ma'aikatan gandun daji.