Kisan Shireen Abu Akleh: Wa zai binciki mai bindiga?

A safiyar 11 ga Mayun 2022, Shireen Abu Akleh ta tashar Al Jazeera tana bakin aiki a garin Jenin da ke Yammacin Kogin Jordan, sanye da hular kwano da rigar sulke mai ɗauke da alamar 'yan jarida ɓaro-ɓaro a ƙirji. Harsashi ya same ta a ka. Abokin aikinta Ali al-Samoudi shi ma an harbe shi a gadon baya, sai dai yana da sauran kwana. Bayan kwana biyu duniya ta kalli 'yan sandan Isra'ila suna dukan masu ɗauke da gawarta a Gabashin Ƙudus, har akwatin ya kusa suɓucewa daga kafaɗunsu.

Da farko Isra'ila ta ɗora laifin a kan 'yan bindigar Falasɗinawa. Sai a watan Satumba rundunar sojinta ta amsa cewa akwai yiwuwar gaske sojanta ne ya yi harbin, wai bisa kuskure, kuma ba za a tuhumi kowa ba. Rundunar da ake zargi ita ta yi bincike, ita ta wanke kanta. An bai wa kura ajiyar nama ke nan.

Doka dai tana nan. Sashe na 79 na ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 ya ce ɗan jarida a fagen daga farar hula ne, kuma kai wa farar hula hari da gangan laifin yaƙi ne a dokar da ta kafa kotun duniya ta ICC. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya maimaita haka a 2006, ya sake a 2015. Amma a 2023 ƙungiyar CPJ mai kare 'yan jarida ta lissafa 20 da sojojin Isra'ila suka kashe cikin shekara 22, ba ko ɗaya da aka gurfanar da wani a kan jininsa.

Wasu za su ce yaƙi ne, harsashi ba shi da ido. Gaskiya ne ana kuskure a fagen fama. To amma wa zai tantance kuskure da ganganci? Ai ba wanda ya ɗana kunamar bindigar ba. Dubi Marie Colvin, 'yar jaridar da aka kashe a birnin Homs na Siriya a 2012. Da an bar wa gwamnatin Assad binciken, da tuni zancen ya bi ruwa. Wata kotun Amurka ce a 2019 ta yanke cewa da niyya aka kai harin, ta ci Siriya tarar dala miliyan 302. Ko ba komai, an rubuta sunan mai laifi a takardar shari'a.

Shireen ma tana da takardar zama 'yar Amurka, kamar Colvin. Hukumar FBI ta buɗe bincike a ƙarshen 2022, Isra'ila ta ce ba za ta ba da haɗin kai ba. A Disambar shekarar Al Jazeera ta kai ƙara ICC. A 2025 kuwa Amurkan ce ta ƙaƙaba wa babban mai gabatar da ƙara na kotun da wasu alƙalanta takunkumi, saboda binciken da ya shafi Isra'ila. A watan Agustan wannan shekarar ta 2025 aka kashe Anas al-Sharif, wakilin Al Jazeera, da abokan aikinsa a tantinsu kusa da asibitin Shifa a Gaza. Wannan karon ba a ma ce kuskure ba ne: rundunar sojin Isra'ila ta fito ta ce shi ta nufa, bisa zargin ɗan Hamas ne, zargin da Al Jazeera ta musanta kuma babu kotun da ta taɓa saurara.