Batman ɗan talaka, Spider-Man magidanci: dalilin da ya sa sababbin littattafan zane suka karɓu

Tun daga shekarar 1939 da aka fara buga labarin Batman a Amurka, marubuta sun yi ta karɓar alƙalami daga hannun juna, amma ginshiƙin labarin yana nan inda yake. Bruce Wayne ɗan masu hannu da shuni ne wanda aka kashe iyayensa a kan idonsa yana yaro, ya gaji dukiya da katafaren gida da hadimi mai suna Alfred, sannan ya zuba wannan dukiya wajen farautar miyagu a birnin Gotham. A watan Oktoban 2024 kamfanin DC ya fitar da Absolute Batman, wanda Scott Snyder ya rubuta, Nick Dragotta ya zana, aka tumɓuke wannan ginshiƙi gaba ɗaya, kuma fitowarsa ta farko ta zama littafin zane mafi kasuwa a shagunan Amurka a wannan shekara, har sai da aka yi ta maimaita bugunta. A ganina wannan karɓuwa ba ta sa'a ba ce, domin masu karatu sun daɗe da ƙosawa da jaruman da rayuwa ba ta taɓa su.

Bruce na wannan sabon labari matashi ne mai shekara 24, injiniyan gine-gine da ke aiki da hukumar birni, wanda ya tashi a unguwar talakawa. Mahaifinsa Thomas malamin makaranta ne, kuma ya rasa ransa ne ranar da ya kai ɗalibansa gidan namun daji, wani ɗan bindiga ya buɗe wuta, shi kuwa ya tura yaran cikin ɗakin jemagu ya rufe musu ƙofa ya tsaya a waje. Mahaifiyarsa Martha tana raye, tana yi masa faɗa kamar kowace uwa. Waɗanda muka saba gani a matsayin abokan gabarsa, irin su Harvey Dent da Oswald Cobblepot da Edward Nygma da Waylon Jones, a nan abokan ƙuruciyarsa ne da suke zama su yi karta tare. Dukiyar da aka raba shi da ita kuwa tana hannun Joker, babban abokin gabar Batman, wanda a nan ya zama hamshaƙin attajiri.

Wannan juyi na ƙarshe shi ne zuciyar al'amarin. Shekara da shekaru ana yi wa Batman wata tambaya da masoyansa ba sa son ji: me ya sa mutumin da ke da kuɗin gina makarantu da asibitoci ya zaɓi ya riƙa fita da dare yana karya ƙasusuwan 'yan daba, waɗanda akasarinsu talauci ne ya jefa su cikin ɓarna? Snyder bai tsaya kare tsohon Batman ba, sai ya sauya wa kowa mazauni. Yanzu mai kuɗi ne ke ɗaukar nauyin ta'addanci, ɗan talaka kuma shi ne ke tsaye a gabansa, ba shi da komai sai ilimin da ya tara da ƙarfin jikinsa da sanin kowane lungu na garin da ya yi wa aiki da hannunsa. Mai karatu da ke fama da kuɗin haya ya fi ganin kansa a wannan Bruce fiye da wanda ke saukowa daga bene cikin riga mai tsada.

Zanen Dragotta ya ɗauki wannan ma'ana ya ɗora ta a kan takarda ba tare da an yi dogon bayani ba. Batman nasa ƙato ne, kafaɗunsa sun kusa cika shafi, kuma komai na jikinsa kayan aiki ne. Alamar jemagen da ke ƙirjinsa ƙarfe ce mai faɗi, ya kan ciro ta ya ɗaura a kan ƙota ta zama gatari. Kunnuwan hular da ke kansa wuƙaƙe ne. Motarsa kuwa babbar motar ɗibar ƙasa ce irin ta ma'aikatan haƙar ma'adinai. Na daɗe ina kallon shafin da ya fara ciro gatarin nan, domin a nan ne na gane cewa leburan gini aka zana, wanda ya mayar da kayan sana'arsa makamai. Sai dai ba zan ɓoye ba, yayin da labarin ya yi nisa, musamman bayan shigowar wani ƙaton mugu mai suna Bane, zubar da jini da lalata jikin ɗan Adam sun yi yawa har suna neman danne tausayin da ya sa aka so littafin tun farko. Ba littafin da za a miƙa wa ƙaramin yaro ba ne, kuma ya kamata iyaye su san haka, tun da mutane da yawa suna ɗauka duk abin da aka zana na yara ne.

Kamfanin Marvel ya riga DC shiga wannan hanya da watanni tara. A Janairun 2024 ya fitar da Ultimate Spider-Man na Jonathan Hickman da Marco Checchetto, inda Peter Parker, wato Spider-Man, yake da shekara 35, yana da mata, Mary Jane, da 'ya'ya biyu, Richard da May, kuma gizo-gizon da ya kamata ya cije shi yana ɗan makaranta bai cije shi ba, saboda wani mugu ya shiga tarihi ya hana. Domin a fahimci nauyin wannan, sai a tuna cewa an ɗaura auren Peter da Mary Jane a 1987, sannan a 2007 editocin kamfanin suka sa aka shafe auren ta hanyar yarjejeniya da shaiɗanin labarin, Mephisto, bisa hujjar cewa jarumi mai aure ya tsufa, matasa ba za su bi shi ba. Shekara goma sha bakwai masu karatu suna ƙorafi ana toshe kunne. Da aka ba su Peter magidanci, sai suka yi rububinsa.

Abin da ya fi burge ni a fitowar farko shi ne kusan babu faɗa a cikinta. Akwai taron tunawa da mamata, akwai Ben Parker, baffan Peter da ya mutu a tsohon labari amma a nan yana raye, da abokin aikinsa J. Jonah Jameson suna ajiye aikinsu a jaridar Daily Bugle saboda attajiri Wilson Fisk yana son ya juya ta yadda ya ga dama, akwai kuma hira tsakanin miji da mata, inda Peter ke ƙoƙarin bayyana cewa yana jin akwai abin da ya ɓace a rayuwarsa duk da yana ƙaunar iyalinsa. Marubucin da ya yarda da kansa ne kawai zai cika shafuka da irin wannan a littafin da aka saya domin a ga ana tsalle tsakanin benaye. Kuma idan Peter ya fita da dare yanzu, mai karatu ya san akwai yara biyu da za su zama marayu idan bai dawo ba, wanda hakan ya fi kowace barazanar tarwatsa duniya tayar da hankali.

Idan aka ce in zaɓi ɗaya daga cikinsu duka, Absolute Wonder Woman na Kelly Thompson da Hayden Sherman zan ɗauka, kuma kyautar Eisner ta littattafan zane ta ba shi lambar sabon jerin labari mafi kyau a 2025. An raba Diana, wato Wonder Woman, da tsibirin danginta tana jaririya, matsafiya Circe ta raine ta a ƙarƙashin ƙasa cikin duhu da dodanni, amma ta fito da taushin zuciyar da ya fi na Diana ta tsohon labari, wadda ta tashi a fada. Absolute Superman na Jason Aaron da Rafa Sandoval ya fara da kyau, da jarumin a cikin ma'aikatan haƙar ma'adinai a Brazil, sai dai tafiyarsa ta fi sauran nauyi.

Akwai masu cewa duk wannan tsohuwar miya ce aka ɗumama, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sunayen jaruman na 1938 da 1939 da 1941 da 1962 ne, mallakar kamfanoni ne, kuma marubucin da ya farfaɗo da su ba zai mallaki ko hular jarumin ba, kamar yadda Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka ƙirƙiro Superman, suka sayar da shi a kan dala 130 suka yi shekaru suna neman haƙƙinsu. Haka kuma wani ɓangare na cinikin da ake alfahari da shi ya samo asali ne daga buga littafi ɗaya da bango iri-iri, domin mai tarawa ya sayi abu guda sau biyar, a farashin da ya kai kusan dala 5 kowane ɗaya. Wannan dabara ta taɓa jefa kasuwar cikin rami a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da shaguna da yawa suka rufe, Marvel kansa ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 1996. Amma bango ba ya sa mutum ya dawo wata bayan wata, kuma waɗannan littattafai an ci gaba da bin su bayan ɗokin fitowar farko ya lafa.

Shi ya sa na goyi bayan shawarar Marvel ta kammala Ultimate Spider-Man a fitowa ta 24, duk da masu karatu da yawa sun ji haushi. Tun farko an gina labarin a kan wa'adin shekara biyu, kowace fitowa tana daidai da wata guda a rayuwar Peter, ana ganin 'ya'yansa suna girma. Da an ja shi saboda yana kawo kuɗi, da sannu a hankali an fara jin tsoron taɓa kowa a cikinsa, ya koma irin abin da aka guje wa. Gwajin yanzu yana kan DC. Martha Wayne tana raye, abokan Bruce sun fara rikiɗewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ina son in ga ko editocin za su bar Snyder ya kai waɗannan mutane inda labarin ya nufa, ko kuwa za su riƙe masa hannu da zarar sun ga Batman ɗan talaka ya zama saniyar tatsa.