Ga mai gyaran kwana biyu

Wai an ce ni kafintan da ne, aikin kwana biyu sai na ja shi sati uku don in ci kuɗin mutane. Tun daga 'Yan Katako na Na'ibawa maganar ta iso mini. Ban tanka ba a lokacin, don ruwan sama bai sauka ba tukuna. To, ga mu a watan Agusta.

Gida ɗaya muka duba, ni da wani. Babban katakon da ya ɗauki rufin falo ne ya ruɓe daga ƙarshensa, daidai inda ya shiga bango. Indararo ya daɗe da tsagewa, ruwa yana bin bango yana jiƙa shi kowace damina. Na soka sukundireba, ta nutse kamar a malmalar tuwo. Na ce wa maigidan, Alhaji, wannan zai gyaru da ifoksi, wani gam mai ƙarfi, ba sai an yaye kwano ba, amma sai an yi haƙuri. Shi kuwa wancan ya ce kwana biyu, rabin kuɗi. Aka ba shi.

Tunda an ce ban iya ba, bari in faɗi ɗan abin da na sani, ko wani mai karatu a ɓoye zai ƙaru.

Ifoksi ruwa biyu ne, danƙon da abin da ke daskarar da shi, irin Araldite ɗin nan na ƙananan tubu, sai dai na gini da galan ake sayensa. Ba ya kama jiƙaƙƙen katako yadda ya kamata. Muddin damshin katako ya haura kashi 20 cikin 100, abin da ke ruɓar da shi yana nan da ransa. In ka shafe bayan ka bar ciki a jiƙe, ka rufe wa ruɓa ƙofa ne ta ci abinta hankali kwance. Shi ya sa ake fara toshe inda ruwa ke shiga, a tokare rufin, a sassaƙe ruɓaɓɓen wurin har sai kurfi ya fara fitar da lafiyayyen itace, a sa maganin gara, a bar shi ya bushe. Sati ukun da ake yi mini gori a kansa ke nan.

Kuma katakon da ke ɗauke da nauyi ba a yi masa ciko kawai. Yanke mataccen ƙarshen ake yi, a huda ramuka su yi nisa cikin mai lafiyar, a zura rodi, a kawo sabon guntu a haɗa, sannan a ɗura ifoksi ya cika ko'ina. Rodin ne ke ɗaukar ja, danƙon riƙe shi yake yi. Awon haɗin ma ba a yi masa "ai ido mudu ne". Wanda ya ƙara ruwan daskarewa don ya yi sauri, sai ya kwana ya wuni abin yana danƙo bai yi ƙarfi ba. In kuma ka dama da yawa a roba ɗaya cikin zafin Afrilu, da kansa zai ɗau zafi har ya yi hayaƙi, ya sandare kafin ka hau tsani.

Ashe duk wannan ma na yi nisa. Da na hau cikin silin jiya, ko ƙanshin ifoksi babu. Filar masu gyaran jikin mota aka yaɓa a kan ruɓar, aka goge da sanfefa, aka bi da baƙin mai don ya yi kalar tsufa. Wallahi gugar ta yi kyau, wannan kam ba zan hana shi ba. Indararon kuwa ko kallonsa ba a yi ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan: ruɓar da na auna taƙi biyu a watan Maris yanzu ta kusa huɗu, silin ya yi ciki, an kwashe yara daga falon.

Ban kira sunan kowa ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Na dai kafa turaku uku na tokare rufin, Alhaji ya ce ko wata guda ne zai jira. Akwai kuma wata wuƙar shafa fila mai jan mariƙi da aka manta a cikin silin. Tana shagona, a saman benci. Mai ita ya zo da kansa ya karɓa, kada ya aiko yaro.